Asid ya ta da kumfa: shin ya isa a ce kabonet ne?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare ce ta yi tambayar. An ba su wani farin gari a darasin gwaje-gwaje, ta zuba masa tsinkakken asid, ya yi kumfa, ta rubuta cewa kabonet ne, amma malaminta ya ba ta rabin maki. Da ta sake gwajin ta bi da iskar da ke fita cikin laimwota, wato tataccen ruwan kalsiyam haidiroksaid, sai ruwan ya yi fari, can kuma ya washe kamar ba a yi komai ba. Tana son sanin inda ta kuskure, da hanyar da ake tabbatar da kabonet ba tare da shakka ba.

'Yata, malaminki bai zalunce ki ba, laimwotar kuma ba ta lalace ba. Na ji daɗi ƙwarai da kika tsaya har kika ga washewar ruwan, domin ɗalibai da yawa da zarar fari ya fito sai su zare bututu su wuce, ba su taɓa sanin akwai abin da ke biyo baya ba.

Bari mu fara daga madafa. Ki tuna ranar da ake miyar yakuwa a gida. Idan tsami ya yi yawa, sai Inna ta ɗauko jiƙaƙƙiyar kanwa ta ɗiga, nan take tukunya ta taso da kumfa, tsamin ya faɗa. Wannan kumfar ita ce dai wadda kika gani a bututun gwaji. Tsamin yakuwa asid ne. Kanwa kuwa, irin wadda ake haƙowa a busassun tafkuna na yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, galibinta sodiyam kabonet ne haɗe da sodiyam haidirojin-kabonet, sai ƙasa da wasu gishirai da suka cakuɗa da ita. Ayon ɗin kabonet, wato ƙwayar sinadarinsa mai ɗauke da caji, CO₃²⁻, wanda littattafanku ke kira tirayoksokabonet(IV), ba ya iya zama da asid. Da zarar sun haɗu sai ya wargaje ya koma ruwa da iskar kabon dayoksaid:

CO₃²⁻ + 2H⁺ → H₂O + CO₂

Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana fitowa da yawa. Giram 1 kacal na kalsiyam kabonet yana ba da iska kusan 240 cm³ a zafin ɗaki, wato kusan cikin kofin shayi. Shi ya sa ɗan abin da bakin cokali ya ɗebo ya ishe ki, kuma shi ya sa wanda ya cika bututu da gari yake ganin kumfa ta yi ambaliya a hannunsa.

To me ya sa rabin maki? Saboda kumfa shaida ce kawai cewa wata iska tana fita. Ba ta faɗi sunan iskar ba. Ki zuba asid a kan garin zink ko magnisiyam, zai yi kumfa, amma haidirojin ce ke fita, wadda ke yin ƙara "fuf" idan an kara mata tsinke mai wuta. Ki zuba a kan salfayid, iska za ta fita mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ki zuba a kan salfait, SO₃²⁻, ki ɗan ɗumama, iskar salfa dayoksaid, SO₂, za ta taso. Duk waɗannan suna amsa asid da iska. Don haka abin da kumfa ta ba ki zato ne, kuma zato shi ne rabin aikin. Malaminki ya biya ki daidai abin da kika kawo.

Akwai kuma wata dabara da ɗalibai ke riƙewa kamar hujja: a tura tsinke mai wuta cikin bututu, idan ya mutu a ce kabon dayoksaid ce. Gaskiya tana kashe wuta, amma naitirojin ma tana kashewa, tururin ruwa ma yana kashewa. Takardar litmos shuɗiya mai laima takan ɗan yi ja-ja a cikinta, wannan kuwa ya nuna iska ce mai ɗabi'ar asid, bai wuce nan ba. Hujjar da aka yarda da ita ita ce laimwota.

Kada sunan ya ruɗe ki, na sha ganin wanda ya ruɗa. Laimwota ba ta da dangantaka da lemon tsami. Kalsiyam haidiroksaid ne, Ca(OH)₂, aka jiƙa a ruwa aka tace. Kaɗan ne ke narkewa, kusan giram 1.7 a lita guda, saboda haka ruwan garau yake kamar ruwan sha. Idan kabon dayoksaid ta ratsa shi, sai ta haɗu da kalsiyam su samar da kalsiyam kabonet, wanda ba ya narkewa:

Ca(OH)₂ + CO₂ → CaCO₃ + H₂O

Ƙananan ƙwayoyin farin garin nan da ke yawo a cikin ruwan su ne ke sa shi ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Da farko za ki ga wani hazo-hazo a daidai inda kumfar ke fashewa, sai ya bazu, har ki kasa karanta rubutu ta bayan bututun. Abin da ke burge ni a gwajin nan tun ina ɗalibi shi ne zagayen da kabonet ke yi: kin wargaza shi a bututu na farko, ya yi tafiya a matsayin iska, ya sake haɗuwa a bututu na biyu a gaban idonki. Joseph Black, wani masani a Sikotilan, shi ne ya bi diddigin wannan iskar a shekarun 1750. Ya auna nauyin kabonet kafin ya gasa da bayan ya gasa, ya ga nauyi ya ragu, ya gane wata iska ce da ke ɗaure a cikin dutsen ta fice, ya kuma nuna cewa tana sa laimwota ta yi fari. Fiye da shekara 250 ke nan, kuma har yau da wannan gwajin ake yi muku jarrabawa.

Yanzu ga washewar da ta tsorata ki. Idan kin ci gaba da tura iskar bayan duk kalsiyam haidiroksaid ɗin ya ƙare, rarar iskar tana narkewa a ruwa ta zama asid mai rauni, shi kuma ya juyo kan farin garin ya narkar da shi:

CaCO₃ + H₂O + CO₂ → Ca(HCO₃)₂

Kalsiyam haidirojin-kabonet yana narkewa a ruwa, don haka fari ya ɓace. Wannan washewar ƙarin shaida ce a gare ki, kuma ya kamata ki rubuta ta: ruwan ya yi fari, da iska ta yi yawa ya washe. Haɗarin kawai shi ne idan laimwotar kaɗan ce, iskar kuma ta zo da ƙarfi, to farin yana iya zuwa ya wuce cikin 'yan daƙiƙu yayin da kike duba takarda. Saboda haka idonki ya kasance kan laimwota tun daga kumfar farko. Wannan sauyin shi ne ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa inda ruwan sama mai ɗauke da kabon dayoksaid ke ratsa dutsen laim, irin wanda ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe don yin siminti. Ruwan ya narkar da dutsen a hankali, ya zama ruwan da sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa. Idan aka tafasa shi sai lamarin ya juya, kabonet ya dawo. Farin ɓawon da kike gani ya manne a cikin butar mai shayi, shi ne.

Yadda ake kai iskar ga laimwota ma yana da nasa ƙa'ida. Ki shirya bututu na biyu da laimwota kamar 2 cm³ tun kafin ki taɓa asid, bakin bututun isar da iska ya nutse a ciki. Sai ki zuba asid ki toshe da sauri. Mafi yawan waɗanda suka ce mini gwajinsu bai yi ba, sun zuba asid ne sannan suka tashi neman murfi, iska ta gama tafiyarta. Idan babu bututun isar da iska, ɗauki abin ɗiga magani, ki matse robarsa, ki tura bakinsa cikin bututun ba tare da ya taɓa ruwa ba, ki saki ya zuƙo iska, ki je ki fesa ta cikin laimwota. Sau biyu ko uku ya isa. Abin yana yiwuwa ne domin kabon dayoksaid ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, tana kwanciya a cikin bututu. Ki kula kada ɗigon asid ya bi cikin laimwota, domin zai narkar da farin kafin ki gan shi.

Ita kanta laimwotar a gwada ta. Wata shekara a wata makarantar da na koyar, aji guda cur suka yi gwajin nan babu wanda ya ga fari, har yara suka fara zargin hannunsu. Da na ɗauko kwalbar sai na ga an bar ta a buɗe tun kafin hutu. Wani farin ɓawo ya yi mata rufi a sama kamar na kunun da ya huce, ƙasa kuma ya cika da gari. Iskar ɗaki, duk da kabon dayoksaid ɗin cikinta bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, ta cinye kalsiyam ɗin tas, abin da ya rage ruwa ne kawai. Ban manta fuskokin yaran nan ba, kuma tun daga ranar ba na fara darasi sai na zuba kaɗan a bututu na hura da tsinken shan lemo. Numfashin da muke fitarwa yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100 na iskar, saboda haka lafiyayyar laimwota takan yi fari bayan 'yan hurawa. A hura ne a hankali, ba a zuƙa, kuma a kare ido, domin ruwan alkali ne.

Sai babban abokin kama, wato salfait. Iskar SO₂ ma tana sa laimwota ta yi fari, domin tana samar da kalsiyam salfait, kuma ita ma idan ta yi yawa ruwan yana washewa. Kama da wane ba wane ba ce. Hanci ne ke fara rarrabewa: SO₂ tana da ƙauri mai shaƙe maƙogwaro irin na ashanar da aka ƙyasta yanzu. Kada ki kafa hanci a bakin bututu, ki kaɗo iskar da tafin hannu. Amma ba a dogara ga hanci kaɗai. Ki jiƙa 'yar takardar tacewa da fotasiyam dayikuromet, K₂Cr₂O₇, mai asid ki riƙe a bakin bututun. Idan SO₂ ce, launin ruwan goro zai koma kore. Ko ki bi da iskar cikin fotasiyam pamanganet, KMnO₄, mai asid, launin shunayya zai ɓace. Kabon dayoksaid ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu, domin ba ta iya ba su elektiron. Don haka cikakkiyar shaidar kabonet a wurina kafa uku gare ta: kumfa da tsinkakken asid, iska marar launi marar wari da ta sa laimwota ta yi fari, da kuma launin dayikuromet da bai sauya ba.

Wane asid za a ɗauka? Tsinkakken haidirokulorik asid, HCl, shi ne na yau da kullum, tsinkakken naitirik asid, HNO₃, kuma ya fi shi aminci idan ba ki san ƙarfen da ke cikin gishirin ba. Wanda nake hana ɗalibaina a wannan gwajin shi ne salfiyurik asid, H₂SO₄. Ki zuba shi a kan gutsuren dutsen laim, zai yi kumfa ɗan lokaci ya tsaya cak, saboda kalsiyam salfet ɗin da ya samu da ƙyar yake narkewa, sai ya lulluɓe dutsen ya hana asid isa gare shi. Haka yake yi wa kabonet na bariyam da na darma. Shi ma HCl yana yi wa kabonet na darma irin wannan, domin PbCl₂ ba ya narkewa a ruwan sanyi. Gishirin naitiret da HNO₃ ke samarwa kuwa duk suna narkewa, shi ya sa HNO₃ ba ya samun wannan cikas. Kakkauran asid ba shi da wuri a nan ko kaɗan, hayaƙin HCl zai bi iskar ya ɓata miki laimwota.

Idan narkakken samfuri aka ba ki, akwai wani abu da ke faruwa wanda ya kamata ki sani. Ɗigon asid na farko sau da yawa ba ya ta da kumfa. Dalili shi ne kabonet yana karɓar H⁺ ne ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya mai da shi haidirojin-kabonet, HCO₃⁻, babu iska tukuna. Sai bayan kusan duk kabonet ɗin ya koma haka, na biyu ya zo ya saki iskar. Wanda ya ɗiga sau biyu ya rubuta "babu abin da ya faru" ya yi gaggawa. Ki ci gaba da zubawa har asid ya yi rinjaye. In kuma ruwan ya tsinke ƙwarai, iskar tana iya narkewa a cikinsa ba tare da kumfa ba, sai ki ɗan ɗumama.

Gwajin bariyam kulorayid, BaCl₂, shi ne wanda ake yawan kawowa a jarrabawar gwaje-gwaje ta WAEC da NECO, kuma a nan ne ake zubar da maki. Idan kin ɗiga shi a narkakken samfuri farin gari ya fito, ayon uku ne ke da hannu a zargi: CO₃²⁻, SO₃²⁻ da SO₄²⁻. Ki rubuta su duka ukun. Sai ki ƙara tsinkakken HCl ya yi rinjaye. Idan farin ya ƙi narkewa, salfet ne, SO₄²⁻. Idan ya narke, saura biyu, iskar da ta fito ce za ta raba gardama kamar yadda na bayyana. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake fara neman kabonet kafin sauran. Muddin yana cikin ruwa zai ba da farin gari da bariyam ya yi kama da salfet, ya kuma ba da nasa garin da silba naitiret, AgNO₃, har a zaci kulorayid ne. Asid ɗin da ake fara zubawa kafin waɗannan gwaje-gwajen aikinsa korar kabonet daga hanya.

Saura tambayar da ba ki yi ba, amma za ta same ki. Kabonet ne ko haidirojin-kabonet? A gaban asid da laimwota duk kanwar ja ce, dukansu suna ba da kumfa da fari. Abu na farko, duba ko samfurin yana narkewa a ruwa. Kabonet ɗin sodiyam, fotasiyam da amoniyam ne kaɗai ke narkewa a cikin waɗanda za ki haɗu da su a makaranta. Haidirojin-kabonet ɗin da ake samu a matsayin gari kuwa na waɗannan ukun ne, duk suna narkewa. Saboda haka garin da ya ƙi narkewa a ruwa amma ya ba da iskar CO₂ da asid, kabonet ne kai tsaye. Idan ya narke, ɗiga masa ruwan magnisiyam salfet, MgSO₄. Kabonet zai ba da farin gari nan take a sanyi, haidirojin-kabonet kuwa ruwansa zai zauna garau sai kin tafasa sannan fari ya fito. Fenolfatalin, wani ruwan gwaji mai sauya launi a alkali, ma yana taimakawa: a kabonet launin ruwan hoda ne mai ƙarfi, a ɗayan da ƙyar ake ganinsa. Ko kuma ki gasa busasshen garin. Sodiyam haidirojin-kabonet, NaHCO₃, zai saki iska da tururi, ki ga raɓa a saman bututu, sodiyam kabonet, Na₂CO₃, kuwa ko gezau a wutar ɗakin gwaji.

Gasawa tana tona asirin ƙarfen da ke tare da kabonet, kuma abin kallo ce. Kabonet na tagulla kore ne, yana gasuwa ya koma baƙi ƙirin. Na zink fari ne, abin da ya bari rawaya ne da zafi, ya koma fari idan ya huce. Na darma yana barin gari mai ja-ja da zafi, rawaya idan ya huce. Na amoniyam kuwa watsewa yake yi gaba ɗaya da warin amoniya, bututu ya zama wayam. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: ki zare bakin bututu daga laimwota kafin ki janye wuta. In ba haka ba iskar ciki ta huce ta tsuke, ta zuƙo ruwan sanyi zuwa cikin gilashi mai zafi, ya fashe.

Game da rubutu a takardar amsa, layi uku ake ba ku: abin da kika yi, abin da kika gani, abin da kika fahimta. Kada ki cakuɗa su. "Kabon dayoksaid ta fito" ba abin gani ba ne, babu idon da ya taɓa ganin ta. Abin da kika gani shi ne kumfa, iska marar launi marar wari, laimwota ta yi fari. A layin fahimta ne za ki ce iskar CO₂ ce, daga CO₃²⁻ ko HCO₃⁻. Ki rubuta cajin ayon ɗin daidai, domin CO₃ tsirara ba ayon ba ne. Ki faɗi sunan asid ɗin, ki kuma ce tsinkakke ne. Sannan ki rubuta abin da ya faru a hannunki lokacin da ya faru, ko da ya saɓa wa abin da kika haddace.

Idan kina son hannunki ya saba, gida ma ya isa. Jera murafen kwalba biyar, ki sa dakakken ɓawon ƙwai a ɗaya, garin kanwa a ɗaya, tokar murhu a ɗaya, gishirin miya a ɗaya, garin allin rubutu a na ƙarshe, ki matsa wa kowanne lemon tsami. Kanwa za ta taso fuu. Ɓawon ƙwai, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kalsiyam kabonet ne, zai riƙa fitar da ƙananan kumfa a hankali, sai kin kara kunne ki ji tsuwwarsa. Toka za ta amsa saboda kabonet ɗin kalsiyam da na fotasiyam da ke cikinta. Gishiri zai jiƙe ne kawai. Alli kuwa ya danganta: wani da kalsiyam kabonet ake yin sa, zai yi kumfa, wani da kalsiyam salfet, zai yi shiru.

In kun koma ɗakin gwaje-gwaje, ki roƙi malaminki ya bar ki ki maimaita wancan gwajin. Ki bar iskar ta ratsa har fari ya zo ya washe kamar yadda ya yi miki. Sai ki zare bututun isar da iska, ki kama na laimwotar da abin riƙewa, bakinsa yana kallon inda babu kowa, ki ɗora a wuta a hankali. Kafin ya daɗe da tafasa za ki ga farin ya dawo.